Shaidar Ƙuda

Mahaifina ya tsani ƙuda fiye da yadda ya tsani Shaiɗan, kuma ba na jin ko fastonmu zai musa wannan. Shaiɗan dai sai ranar Lahadi ake tunawa da shi a gidanmu. Ƙuda kuwa yaƙin kullum ne. Idan ɗaya ya yi gangancin shigowa falo ana cin abinci, Baba zai ajiye lomar da ke hannunsa ya bi shi lungu-lungu, mu kuma kowa ya rungume kwanonsa kada a yi masa ɓari.

Masunci ne. A dam ɗin da ke bayan Samaru yake su, shi da wasu 'yan tsirarun masunta, waɗansu Musulmi, waɗansu irinmu masu zuwa coci, duk a ƙarƙashin wani dattijo da ake ce wa Sarkin Ruwa. Sauran masuntan nan bakin ruwa suke sayar wa 'yan sari su huta. Baba ya ce shi ba zai sha wahalar kama kifi ya miƙa wa wanda zai bar shi a buɗe a rana ba. Sai ya jera karfasarsa a daro, ya rufe da farin ƙyalle jiƙaƙƙe, ya ɗaure a bayan keke, ya yi ta takawa, ya wuce Palladan, har layin 'yan kifi a kasuwar Sabon Gari. Ƙyallen nan kullum da yamma Mama ke wanke shi da sabulu da bula ta shanya a igiyar tsakar gida. Ko rigata ta zuwa coci ba ta samun wannan gata. Yana kuma da wata 'yar bulala da ya yi da zaren buhu, wadda ba ta barin hannunsa tun daga saukarsa keke har daro ya ƙare. Duk layin nan ƙudaje sun san teburin da ba a zuwa.

Babbar mai sayen kifinsa wata Madam ce, Ibo, mai gidan abinci kusa da tasha. Tun ina firamare take saye a wurinsa. Hausarta ta fi ta wasu Hausawan, amma idan ranta ya ɓaci sai ta koma Turancin kasuwa. Ita ce ke kwashe rabin daro, kuma inda duk ta tsaya, nan sauran mata ke tsayawa, don an ce hancinta ba ya ƙarya. Da kifin da Madam ke saye aka kai ni makarantar horon malamai, har na dawo ina koyarwa a wata firamare a Palladan.

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun kowa ne Allah ya jefo mana masu ceto. Wata ƙungiya ce ta kare muhalli, da farar mota, da riguna masu rubutu gaba da baya, da wani jagoransu da ake ce wa Kodineta, mai santsin baki, wanda ba ya iya gama jimla bai ce “wayar da kai” ba. Sun zo ne su wayar da kan masunta. Mu dai ba mu san kanmu a duhu yake ba sai da suka faɗa.

Kada in ci haƙƙinsu: dam ɗin yana cikin wahala. Duk ruwan saman da aka yi, kwatocin Samaru na kwaso leda da shara su juye masa. Ƙasar gonakin da ke gefe tana gangarowa tana cike shi. Kuma cikin masuntan akwai masu jefa raga mai ƙananan idanu, su kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma da a kansa suka tsaya da ni ma na tafa musu. Amma leda ba ta da fuska, raga kuma ba ta ba mutum tsoro a hoto. Su da wasan kwaikwayonsu suka zo a shirye, wasan wani mugun masunci mai zuba maganin ƙwarin gona a ruwa, kifi ya mutu ya taso, ya kwashe ya kai kasuwa. A dam ɗinmu ba a taɓa yin haka ba, don ruwan da muke sha ke nan, kuma Sarkin Ruwa zai fasa kwale-kwalen duk wanda ya gwada. A kasuwa dai kowa ya ji labarin irin wannan kifi daga wasu garuruwa, kuma kowa na tsoronsa.

Ɗaliban jami'a ne 'yan wasan. Wanda aka ba mugun kuwa, yaro ne mai sanyin murya, ko kaza ba za ta gudu don shi ba. Kodineta ya ce ai dama tsarinsu shi ne a sa jama'ar wuri a cikin aiki. Suka zo cocinmu bayan sujada suka yi sanarwa, suka tambaya ko akwai masuncin da ya iya wasa.

Fasto ko tunani bai yi ba. Ya ce, “Ai muna da mugunmu na kanmu.”

Duk coci aka juya ana kallon Baba ana dariya. Shi ne mugun sarki a wasan Kirsimeti duk shekara tun kafin a haife ni. Idan ya ɗaura zanen gadon Mama a kafaɗa ya zaro idanu, yara kuka suke yi, uwaye na rarrashi suna dariya. Wannan ne rauninsa guda, bayan ƙuda: yana son a kalle shi. Ya miƙe tsaye yana wani sunkuyar da kai, wai shi kunya, alhali har kunnuwansa murna suke yi.

A hanyar gida Mama ta ce masa, “Baban yara, ni fa abin nan bai kwanta mini ba. A coci kowa ya san ka. In ka gama zare ido, kai ne ke zagawa da kwandon baiko ana jefa sadaka. Waɗannan mutanen fa, wa ya san inda za su kai ka?”

Ya ce, “Ke dai ba ki son a ce mijinki ya yi suna.”

Ta ce, “Sunan ne nake tsoro.”

Ya yi tsaki ya wuce gaba, yana gwada dariyar mugunta a kan titi, har wani mai acaba ya waiwayo.

Ranar taro aka kafa rumfuna a bakin dam. Manyan baƙi a inuwa kan kujerun roba, masuntan da aka zo dominsu a rana kan ƙasa, wataƙila don kan nasu ya fi saurin wayewa. Aka yi jawabai da Turanci, wani yana fassarawa yana tsallake duk inda ya fi ƙarfinsa. Sannan aka ce wasa.

Kodineta ya ce kada Baba ya sa kayan wasa, ya fito yadda yake, don abin ya yi kama da gaske. Ya fito kuwa da rigarsa ta aiki, da malfarsa da kowa ya sani, a cikin kwale-kwalensa na kansa. Aka ba shi kwalba mai hoton ƙoƙon kai, cikinta ruwan koko ne, ni na dama shi da hannuna. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ɗaga kwalbar sama, ya washe baki, ya tuttula a ruwa yana wannan dariya tasa. Wallahi ko ni da na san koko ne sai da tsigar jikina ta tashi. Masunta suka kwashe da shewa, Sarkin Ruwa har da share hawaye. Mai ɗaukar hoto ya durƙusa a cikin taɓo yana ta ƙyasta na'ura.

A ƙarshen wasan mugun yakan tuba. Ɗansa ne zai ci kifin ya kwanta ciwo, shi kuma ya durƙusa ya yi kuka ya roƙi gafarar jama'a. Baba ya yi wannan ma da kyau, har ya fi na farkon. Sai dai a lokacin an fara rabon shinkafa, mai hoto yana can cikin layi da na'urarsa a rataye.

Da aka watse, baƙi suka shiga motoci suka tafi da hasken da suka kawo. Suka bar mana ledojin ruwa da robobin abinci birjik a bakin dam. Kafin yamma iska ta kwashe rabinsu ta zuba a cikin ruwan da aka zo ceto. Masuntan da ba su waye ba ne suka bi da kwale-kwale suna tsincewa.

Muka manta da zancen. Sai dab da Kirsimeti, Baba ya dawo daga kasuwa da wani abu a naɗe a hammata, fuskarsa kamar wanda aka ba sarauta. Ya baza a kan tebur. Kalanda ce ta sabuwar shekara, babba, mai sheƙi. Rabinta na sama duk Baba ne: malfa, haƙora, idanu a waje, kwalba mai ƙoƙon kai a karkace, ga abin ciki yana zuba. A ƙasa an rubuta da manyan jajayen baƙaƙe, da Turanci da Hausa, cewa wannan shi ne maƙiyin ruwa, maƙiyin jama'a. A wani ɗan lungu kuma ga masunci nagari, wato ɗaya daga cikin ɗaliban nan, da rigarsa a goge, yana murmushi da raga a kafaɗa.

Na duba sama, na duba ƙasa, na juya bayanta. Akwai sunan ƙungiya, akwai tambarin waɗanda suka ba da tallafi, akwai sunan maɗaba'a, har da godiya ga mai ɗaukar hoto. Ba inda aka ce wasa ne.

Na ce, “Baba, ka ga abin da suka rubuta kuwa?”

Ya ce, “Malama, ke komai sai kin karanta. Ki duba yadda hoton ya fito mana! Ko a gidan hoto ba a taɓa ɗauka na haka ba.”

Ya ɗauko ƙusa ya buga ta a falo, kusa da hoton aurensu. Mama ta tsaya ta kalle ta, ta kalle shi, ta koma madafa. A gidanmu shirun Mama ya fi faɗanta nauyi.

Kyauta aka raba kalandar, kuma don saƙo ya isa inda ya dace, a layin 'yan kifi aka fara. Mutumin Sabon Gari kuwa ba ya ƙin kalandar kyauta, ko hoton me ke jikinta. Kafin sabuwar shekara ta yi nisa Baba yana rataye a shagon aski, da teburin mai shayi, da wurin mai faci, da ɗakin jiran wani ƙaramin asibiti, yana zuba wa duk garin guba yana dariya.

Da farko tsokana ce. “Ga mai kwalba nan!” Shi ma yana taya su, har yakan zaro musu idanu su yi ihu. Sannan sai ya fara dawowa da sauran kifi a daro. Ya ce kasuwa ce, kowa ya kashe kuɗinsa a biki. Sannan ya fara dawowa da rabin daro, sannan da daron kusan yadda ya tafi. Mama ta kafa wurin banda a bayan ɗaki, kullum hayaƙi, har littattafan 'yan ajina suka koma warin kifi. Muka ci kifi da safe, muka ci da rana, muka ba maƙwabta har suka fara ɓuya in sun hango ni da kwano. Baba ya daina rera waƙar coci in yana gyaran raga.

Wata Asabar na ce zan bi shi in ga da idona. Na hau bas na riga shi isa. Ya iso, ya sauke daro, ya gyara farin ƙyallensa, ya ɗauki bulala ya kama aikinsa na kullum. Mata na wucewa suna gaishe shi da ladabi, su tsaya a teburin gaba, inda ƙudaje suka yi baƙi a kan kifi kamar an barbaɗa tsakin gawayi. Nan ake ciniki.

Can sai ga Madam da kwandonta. Ta so ta bi ta bayan layi, Baba ya kira ta.

“Madam, laifin me na yi maki? Kin daina ko kallo na.”

Ta dawo tana jan ƙafa. Ta ce, “Baba, ni ban ce ka yi ba. Allah ya sani ban ce ba. Amma hotonka yana bangon shagona. Kwastoma zai ɗaga kai ya gan ka, ya sauke kai ya ga kifi a faranti, ya ce mini, Madam, ba wannan tsohon ba ne ke kawo maki kifi? Me zan ce mashi?”

Na ce, “Ki ce mashi wasan kwaikwayo ne. Koko ne a kwalbar, ni na dama. Ki cire kalandar mana!”

Ta ce, “In na cire tawa, ta mai shayi fa?” Sai ta sa hannu ta ɗaga gefen ƙyallen. Karfasa ce a jere, idanu garau, tana ƙyalli. Ta riƙe ƙyallen a sama ta ɗan jira. Baba kuwa, saboda sabo, hannunsa bai daina kaɗa bulala ba. Ta ce, “Kin gani ko? Duk shekarun nan ban taɓa ganin ƙuda a kifin babanki ba. Da ina cewa tsabta ce. Yanzu mata suna cewa dama akwai dalili.” Ta saki ƙyallen, muryarta ta tashi. “Even fly dey fear am!” Wai ko ƙuda tsoron kifin yake yi.

A ranar na san abin da duk layin 'yan kifi ya sani ban da mu. A wurinsu, ƙuda ba ya sauka a kan kifin da aka kashe da magani. Ko gaskiya ne ko ƙarya, har yau ban sani ba, amma a kasuwar nan maganar ta fi hukuncin alƙali ƙarfi. Kalanda ta kawo ƙara, farin ƙyalle ya ba da shaida. Duk wankin da Mama ta yi, duk kaɗa bulalar da ta sa kafaɗar Baba ciwo, an tattara an mai da su hujja a kansa. Na ji kunya da baƙin ciki sun taso mini lokaci guda, na rasa wanda zan fara zagi. Baba ya dubi bulalar da ke hannunsa kamar yau ya fara ganinta.

Ranar Litinin bayan an tashi makaranta na nemi ofishin ƙungiyar a Hanwa. Gida ne mai fanka da labule, kuma a bayan kujerar Kodineta ga mahaifina nan a cikin gilashi. Na zayyana masa komai, tun daga koko har ƙuda. Yana saurare, fuskarsa na ƙara haske.

Ya ce, “Malama, tsaya. Kina nufin matan kasuwa da kansu sun daina sayen kifin da suke zargi? Ba wanda ya tilasta masu?”

Na ce, “Kifin mahaifina, Yallaɓai. Wanda bai taɓa zuba komai a ruwa ba sai raga.”

Ya ce, “Na fahimta, na fahimta, abin ba daɗi. Amma ki duba ta ɗaya gefen. Wannan canjin ɗabi'a ne fa! Abin da muke ta nema ke nan. Saƙo ya isa har ƙasa.” Ya juya ya kira wata ma'aikaciya, wai ta zo ta ji labari mai ƙarfafa gwiwa.

Na ce su sake buga wata su ce wasa ne, ko su zo kasuwa da lasifika su faɗa da bakinsu. Ya ce da so samu ne, amma aikin ruwa ya riga ya ƙare, an rufe shi, yanzu sun koma wayar da kan mata a kan sare itatuwa. Motar ma tana can wani ƙauye. Ya ce in kwantar da hankalina, ai kalanda shekara guda take yi. Da na miƙe, ya sa aka ɗauko wa Baba riga mai rubutu gaba da baya, ya kuma tambaye ni ko muna buƙatar ƙarin kalanda, don akwai saura a sito.

Ba zan rubuta abin da na ce masa ba, ni malama ce. Amma mai gadi ne ya raka ni har bakin titi, yana ba ni haƙuri yana danne dariya.

Wai kalanda shekara guda take yi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa shiga shagon aski a Sabon Gari ba. A nan kalanda sai bango ya faɗi take sauka. Tana rufe tsagar gini, tana tare hasken taga, kwanakin da ke jikinta ba su dami kowa ba.

Mun yi iya ƙoƙarinmu, kuma duk abin da muka taɓa sai ya ƙara lalacewa. Fasto ya yi sanarwa a kan bagade, ga mutanen da dama sun sani. Sarkin Ruwa ya sa babbar rigarsa ya zo har layin 'yan kifi ya rantse, aka saurare shi da girmamawa, da ya juya baya aka ce ai masunci ba zai tona asirin masunci ba. Mama ta tara matan zumuntar coci suka bi shaguna suna roƙon a ba su kalandar. Waɗansu suka bayar, waɗansu suka ce tasu ce. Washegari labari ya zaga cewa iyalin tsohon suna bi suna kwashe shaida. Ni kaina na je na tsaya a gaban teburinsa na ci soyayyen kifinsa a bainar jama'a, wata mata ta ce ai guba ba a ranar take kama mutum ba.

Kalandar falonmu Mama ce ta cire, ta kunna wutar banda da ita. Baba ya ga ƙusar babu komai, bai tambaya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya koma tafiya a gefen hanya, yana sauke malfa kan fuska, mutumin da a da in ya shigo layi sai kowa ya san ya shigo. Na ce masa ya sayar wa 'yan sari a bakin ruwa kamar kowa, su kai wani gari. Ya ce in ya bar teburin nan, ya amsa laifi ke nan.

Wata Asabar da safe na fito na ga farin ƙyalle a igiya, a bushe, keke kuwa ba ya nan. Bulalar ma tana rataye a ƙusar da kalanda ta bari. Na ce wa Mama Baba ya yi mantuwa, bari in kai masa. Ta ce, “Bar su. Ba mantuwa ba ce.”

Ban ji maganarta ba, na naɗe ƙyallen na sa a jaka na hau bas.

Daga bakin layi na hango shi. Daro a buɗe a kan tebur, rana na dukan kifi. Shi kuma yana zaune a benci, ya danne tafin hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa, kamar yaron da aka ce kada ya taɓa komai. Na tsaya a bayan wata mai tattasai ban ƙarasa ba.

Ƙudajen sun ɗan jima ba su zo ba, don shekara da shekaru an koya musu hankali a teburin nan. Can ɗaya ya zo, ƙaton kore, ya yi shawagi, ya sauka a kan idon wata karfasa. Na ga kafaɗar Baba ta motsa. Hannun damansa ya zame ya fito da kansa, ya kai rabin hanya, sai ya kamo shi da na hagu ya mayar ƙarƙashin cinya. Wani ya zo, wani ya biyo. Kafin a jima sun taso daga teburin gaba sun rufe kifin da Baba ya tashi tun asuba ya kama, ya wanke ɗaya bayan ɗaya. Yana kallonsu, jijiyar wuyansa a miƙe.

Matar da ke kusa ta taɓa ta kusa da ita. Aka fara taruwa. Wani ya ruga ya kira Madam. Ta zo ta tsaya ta sunkuya, ta daɗe tana duba ƙudajen nan yadda likita ke duba hoton ƙirji. Sannan ta ɗago ta tafa hannu.

“Na gode ma Allah! Ban ce maku ba? Tun farko na ce Baba ba zai yi haka ba!”

Ta kore su da gefen zanenta, ta shiga zaɓa tana jefawa a kwando. Sauran mata suka rufa mata baya, ana ture juna. Ɗaya ta ce dama ita hoton bai yi mata kama da shi ba sosai.

Madam ta ce, “Baba, ka yi haƙuri. Yanzu hankalin kowa ya kwanta. Ka riƙa barin shi haka a buɗe, ka ji?”

Ya ce, “Na ji, Madam.”

Daro ya ƙare tun kafin azahar, abin da ya daɗe bai faru ba. Da aka watse na matso. Ya gan ni, ya ga bakin farin ƙyalle yana leƙowa daga jakata. Na zaci zai yi dariya, ko ya yi faɗa. Sai ya ce, “Malama, kin ga shaiduna? Sarkin Ruwa ya rantse, Fasto ya yi magana, ke kin ci a gabansu. Ashe waɗannan ake jira.” Ya ɗaure daro a keke. “Mai da ma mamanki abinta.”

Har ya bar sana'a bai sake rufe daro ba, kuma bai sake rasa mai saye ba. Kalandar ta daɗe a bangwaye har ta koɗe, jan rubutun ya fara gogewa, haƙoran ne suka fi jimawa. Da Kirsimeti ta zagayo Fasto ya aiko a tambayi Baba ko ya shirya fitowa a mugun sarki, ya ce a ba yara su ma su koya. Farin ƙyallen Mama ta wanke shi da bula ta ninke ta sa a ƙasan akwati.

A ranar da aka wanke Baba daga zargi a kasuwa, da yamma muna cin tuwo a falo, ƙuda ya shigo. Ni da Mama muka jawo kwanukanmu jikinmu saboda sabo. Ya zaga, ya zaga, ya sauka a bakin kwanon Baba, yana murza hannuwa. Baba ya dube shi, ya gutsuri tuwo daga ɗaya gefen ya ci gaba da ci.

Ni ce na tashi na kore shi.